Sharhi: Me ya sa altaneta da regileta suke ƙin jituwa a tsofaffin motocin gudu?

Masu riƙe da motocin gudu na shekarun 1960 da 1970, irin su MGB da Jaguar E-Type da Porsche 911 da Datsun 240Z, suna yawan cin karo da wata matsala mai ɗaure kai. Mutum ya sayi sabuwar altaneta da sabuwar regileta, kowace da sunan motarsa a jikin kwali, a ɗaura su, sai batir ya ƙi caji, ko ya riƙa tafasa, ko a kashe makulli inji ya ci gaba da ruri. In an mayar wa mai shago, ya gwada kowace ita kaɗai, sai ya same ta lafiya ƙalau. Galibi kuma da gaskiyarsa, ba wadda ta lalace. Ba a yi su don su yi aiki tare ba ne kawai.

Tushen rikicin shi ne an ƙera waɗannan motoci a daidai lokacin da tsarin cajin mota ya sauya sau biyu cikin shekara ashirin, daga tsohuwar na'urar caji da ake kira dainamo zuwa altaneta, sannan daga regiletar waje zuwa ta ciki, kuma kowane kamfani ya bi tasa hanyar.

Aikin kowace

Dainamo da altaneta aikinsu ɗaya: fanbel ya juya su, su mayar da juyin inji ya zama wutar lantarki. Dukansu da maganaɗisu suke aiki, amma ba na dindindin ba. Wani naɗin waya ne a ciki wanda ake ba shi 'yar wuta kaɗan, amfiya 2 zuwa 5, sai ya zama maganaɗisu. In aka ƙara wa naɗin nan wuta, na'urar ta ƙara abin da take fitarwa. In aka rage masa, ta rage. Regileta ita ce mai riƙe da wannan naɗi. Tana auna ƙarfin wutar motar, tana kunna naɗin tana kashe shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don ƙarfin ya tsaya tsakanin volt 13.8 da 14.4.

Akwai dalilin wannan iyaka. Batir mai volt 12 in ya cika ya huta yana nuna kusan 12.6. In cajin bai kai 13.5 ba, batir ba zai taɓa cika sosai ba, a hankali zai mutu. In ya haura 15, ruwan batir zai riƙa ƙonewa, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Inda na'urorin biyu suka rabu shi ne abin da ke juyawa a ciki. A dainamo, babban naɗin da ke haifar da wutar shi ke juyawa, kuma duk wutar sai ta bi ta wani zoben tagulla mai yanka-yanka da burushin gawayi kafin ta fito. Wannan ya sa ba a iya juya shi da gudu sosai, don haka fulinsa babba ne, in inji yana silo kusan ba ya caji. A altaneta kuwa maganaɗisun ne ke juyawa, babban naɗin yana tsaye. Wutar da take haifarwa mai kai-da-komo ce, sai dayod guda 6, 'yan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, su miƙar da ita. Tana jure gudu, ana sa mata ƙaramin fuli ta riƙa juyawa ninki biyu ko uku na inji, shi ya sa take caji ko a cikin cunkoso.

Yadda aka baro dainamo

Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa altaneta a matsayin kayan yau da kullum, a motar Valiant ta 1960, bayan dayod na silikon sun yi arahar da za a iya sa su a mota. Corvette ta samu tata a 1963. Mustang na farko da suka fito a 1964 da dainamo suka zo, daga baya a wannan zangon aka koma altaneta. A Ingila, Jaguar E-Type ta sauya a 1964 lokacin da aka kawo inji mai lita 4.2, MGB kuma sai a ƙarshen 1967.

Altanetocin farko duk regiletarsu a waje take, wani ɗan akwati a jikin bangon ɗakin inji. Sauyi na biyu shi ne shigar da regileta cikin altanetar kanta, kuma shi ma bai zo lokaci ɗaya ba: Corvette a 1969, MGB wajajen wannan shekarar, jerin Datsun Z a 1978, Porsche 911 sai 1982.

A ɗauki MGB, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Sunan ɗaya ne, tsarin caji uku. Na farko dainamon C40 na Lucas, kamfanin kayan wutar mota na Ingila, mai amfiya 22 da akwatin regiletarsa RB340, kan fozitif na batir a haɗe da jikin mota. Na biyu altaneta 16AC da regiletar waje 4TR, wanda bai wuce kimanin shekara ɗaya ba. Na uku jerin ACR masu regileta a ciki, daga 16ACR mai amfiya 34 zuwa 18ACR mai amfiya sama da 40. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi regiletar MGB bai faɗi abin da yake nema ba tukuna.

Ga kuma shekara hamsin na hannaye daban-daban. Da wuya a samu motar da ba a taɓa canza mata inji ko wayarin ko altaneta ba, saboda haka shekarar da ke jikin takarda ba ta tabbatar da abin da ke ɗaure a jikin inji.

Akwatin dainamo ba na altaneta ba ne

Akwatin RB340 yana da naɗi uku a ciki, kowanne da kwantak ɗinsa. Ɗaya yana tsare ƙarfin wuta. Ɗaya yana hana dainamo fitar da amfiyar da ta fi ƙarfinsa, domin dainamo bai san ya tsaya ba, zai yi ta bayarwa har ya ƙone. Na uku shi ne mai yanke hanya tsakanin batir da dainamo in inji ya tsaya, in ba haka ba batir zai juye wutarsa cikin dainamon. Yana haɗa hanyar ne in dainamo ya kai wajen volt 13. Akwatin da ya riga shi, RB106 wanda MGA ta yi amfani da shi, naɗi biyu gare shi.

Altaneta ba ta buƙatar biyu daga cikin ayyukan nan. Dayod ɗinta ba sa barin wuta ta koma baya, kuma yanayin ƙirarta ya sa tana da iyakar amfiyar da ba ta wucewa. Saboda haka in an koma altaneta mai regileta a ciki, akwatin ya tashi daga aiki. Ko a cire shi, ko a kwashe cikinsa a bar ƙoƙon ya zama mahaɗar wayoyi: a RB340 a haɗa manyan wayoyin B da D wuri ɗaya, a haɗa wayar F da ta WL su zama hanyar jar fitilar caji. Barin akwatin da ransa a tsakanin altaneta da batir yana cikin kura-kuran da aka fi yi.

Ko tsakanin dainamo da akwatinsa ma akwai batun dacewa. RB340 ya zo da saiti daban-daban, akwai na amfiya 22, akwai na 30, kuma a ido kamarsu ɗaya. In aka sa na 30 a kan C40, akwatin zai bar dainamon ya riƙa bayar da abin da ya fi ƙarfinsa har dalmar cikinsa ta narke.

Ta wane ɓangare take riƙe da naɗin?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ruɗa mutane, domin ba a ganinta daga waje. Naɗin maganaɗisu baki biyu gare shi, ɗaya na karɓar fozitif, ɗaya na komawa jikin mota. Regileta tana iya zama a kowane ɓangare. A tsarin da masu aikin suke kira A, naɗin yana samun fozitif kai tsaye, regileta tana zaune a bakin fita, ita ke haɗa shi da jikin mota tana sakinsa. A tsarin B, bakin fita a haɗe yake da jikin altanetar tun daga ciki, regileta tana bakin shiga, ita ke ba shi fozitif tana yankewa.

Duka biyun suna aiki daidai, ba wanda ya fi wani. Matsalar tana zuwa ne in an gauraya. Regiletar A a kan altanetar B tana ta ƙoƙarin haɗa naɗin da jikin mota alhali dama a haɗe yake, kuma ba mai ba shi fozitif, don haka ba caji ko kaɗan. In kuwa wani ya ga ba ta caji ya ja wa naɗin fozitif kai tsaye daga makulli, naɗin zai samu wuta ba mai tsawata masa, ƙarfin ya haura volt 16 ko 17 da zarar an taka totur.

Altanetar Delco 10DN ta kamfanin General Motors da aka sa wa Corvette ta shekarun 1963 zuwa 1968 tsarin B ce, haka ma altanetocin Ford masu regiletar waje, haka ma na Bosch na farko inda wuta take fita daga D+ ta bi ta regileta ta dawo DF. Lucas 11AC ta Jaguar kuwa ta fito da bakunan naɗin duka biyu waje, F+ da F−, fozitif yana zuwa daga batir ta wani rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, mai suna 6RA, 4TR kuma tana riƙe da ɓangaren F−. Chrysler ya yi duka biyun: kafin 1970 altanetarsa baki ɗaya gare ta da regileta mai kwantak da ke ba da fozitif, daga 1970 ya koma mai baki biyu da regiletar tiransisto da ke riƙe da ɓangaren jikin mota. Ana iya sa mai baki biyun a tsohuwar mota in an haɗa baki ɗaya da jiki, amma ba a iya sa mai baki ɗaya a kan sabuwar regileta.

Bayan ɓangare, akwai yawan wutar da naɗin yake sha. Naɗin dainamo C40 yana shan kusan amfiya 2. Altanetocin da suka zo daga baya masu ƙarfi naɗinsu yana shan ninkin haka ko fiye. Tsohuwar regileta mai kwantak in aka ɗora mata irin wannan za ta yi aiki na ɗan lokaci, kwantak ɗin yana cin wuta, har ranar da zai manne ko ya ƙone. In ya manne caji ya zarce, in ya ƙone caji ya tsaya.

Soket iri ɗaya, aiki daban

Datsun ta ba da misali mafi bayyana na kama da wane ba ta wane. Altanetar Hitachi ta 240Z tana da soket mai siffar harafin T a bayanta, bakunansa F da N: F na naɗin maganaɗisu, N kuma wata 'yar wuta ce daga tsakiyar babban naɗi da regiletar waje take amfani da ita ta san an fara caji. Altanetar da ta zo daga 1978 mai regileta a ciki ita ma soket ɗinta T ne, yana shiga daram, sai dai bakunansa S da L ne: S na auna ƙarfin batir, L na fitilar caji. Wanda ya zura tsohon soket a sabuwar altaneta ya bar tsohuwar regileta a wurinta ya haɗa regileta biyu suna jan abu ɗaya. Gyaran shi ne a cire ta waje, a yi gada a soket ɗinta yadda S zai samu batir, L ya samu wutar makulli.

A nan ne matsalar inji mai ƙin mutuwa take fitowa. Da zarar altaneta ta fara caji, bakin L shi ma yana fitar da wuta. In an haɗa shi kai tsaye da wayar makulli, wutar za ta koma baya ta ci gaba da ciyar da kwayil ko an zare makulli. Dayod ɗaya a kan wannan waya yana magance ta.

General Motors ya ɗan taimaka, ya juya bakunan soket: a 10DN suna tsaye gefe da gefe, R da F, a 10SI mai regileta a ciki suna kwance a layi ɗaya, 1 da 2. Ba ya shiga sai an canza shi, kuma wannan kaɗai ya hana ɓarna da yawa.

Porsche 911 tata matsalar daban ce. Kamfanin ya sayi altaneta daga masu ƙira fiye da ɗaya a tsawon shekaru, Bosch na Jamus da SEV da Paris-Rhône na Faransa, dukansu da haruffa iri ɗaya a bakunan. Wasu daga cikin na SEV masu ƙirar Motorola suna da ƙarin dayod a hanyar fita, kuma dayod na silikon yana cin kusan volt 0.7. Regiletar da aka yi wa irin wannan an saita ta da lissafin abin da dayod ɗin zai ci. In aka musanya, sai cajin ya sauka ko ya hau da kusan wannan adadi, wanda ya isa ya bar batir da yunwa ko ya dafa shi. Kuma a 911 altanetar tana cikin fankar sanyaya inji, sai an kwance fankar kafin a ga lambarta, abin da ke sa mutane saye da ka. Cajin da ya zarce a wannan mota yana da tsada, domin batir a gaba yake, ruwansa in ya tafasa ya zuba yana cin ƙarfen ƙasan akwatin gaba.

Ƙaramin ƙwai mai babban aiki

A yawancin altanetocin wancan zamani, ciki har da jerin ACR da na Bosch da 10SI, jar fitilar caji ba ishara kawai take yi ba. In an kunna makulli, wuta tana bi ta cikin ƙwan, mai kusan wat 2, ta shiga naɗin maganaɗisu ta ba shi abin farawa. Da altaneta ta kama, wasu ƙananan dayod 3 su karɓi ciyar da naɗin, ƙarfin wuta ya yi daidai a ɓangarori biyu na ƙwan, sai ya mutu. In ƙwan ya ƙone, altaneta tana iya ƙin farawa sam, ko sai an taka totur sosai.

Yanzu da ƙwayayen LED suka yi yawa, masu motoci suna canza duk fitilun dashbod, har da wannan. LED ba ya barin wutar da ta isa ta wuce, sai caji ya ɗauke, a yi ta zargin altaneta. Ko a mayar da tsohon ƙwai, ko a sa wa LED ɗin resista a gefensa.

A Jaguar mai 11AC lamarin ya juye. Naɗin daga batir yake ci ta rile, fitilar kuma, a shekarun da aka sa ta, wata 'yar na'ura ce daban mai suna 3AW take kunna ta. Saboda haka fitilar tana iya kamawa alhali caji lafiya, in 3AW ce ta lalace. Ita 4TR ɗin ma iri-iri ce, akwai mai baki 3, akwai mai baki 4.

Sai batun inda regileta take auna wuta. Wasu a bakin altaneta suke aunawa, wasu suna da siririyar waya ta musamman da ke zuwa kusa da batir. Lucas ya yi duka biyun a jerin ACR. In altaneta mai neman wannan waya ta shiga motar da ba ta da ita, regileta ba ta ganin komai, kuma gwargwadon ƙirarta ko ta ƙi caji ko ta sake shi gaba ɗaya. Altanetocin da ake tallatawa da cewa waya ɗaya tak suke buƙata sun kauce wa duk wannan, amma da sharaɗi biyu: da yawansu sai an ɗaga inji kafin su fara, kuma ba su san abin da ya ɓace a doguwar tsohuwar waya kafin wuta ta isa batir ba.

Fozitif a jikin mota

Yawancin motocin Ingila kafin tsakiyar shekarun 1960 kan fozitif na batir ne a haɗe da jiki. Dainamo bai damu ba; ana sauya masa ɓangaren fozitif da negatif ta hanyar taɓa bakin F da wayar batir na ɗan lokaci. Altaneta ba ta yafe wannan. In aka haɗa ta a juye, dayod ɗinta za su buɗe wa batir hanya kai tsaye zuwa jiki, su ƙone cikin daƙiƙu. Kuma ba a yi mata waccan taɓawar da ake yi wa dainamo.

Juya mota zuwa negatif ba wuya: a juya batir, a musanya wayoyin kwayil da na mitar amfiya. Sitata da fitilu ba ruwansu. Abin da ake kula da shi shi ne duk mai tiransisto ko dayod a ciki, wato rediyo, agogon juyin inji na Smiths, agogon lokaci, da wasu famfunan mai na SU. Austin-Healey Sprite ta farko tana da nata ƙarin: agogon juyin injinta daga bayan dainamo yake karɓar juyi, in an cire dainamon ya tsaya.

Waya da mita

An auna wayoyin waɗannan motoci da amfiya 22 zuwa 30. Altaneta ba ta tura wuta da ƙarfin tsiya, abin da aka nema take bayarwa, don haka a tafiyar yau da kullum mai amfiya 65 ba ta fi mai 34 wahalar da waya ba. Hatsarin yana zuwa ranar da batir ya sauka aka tayar da mota da turi ko da batirin aro. A lokacin batir zai sha duk abin da aka ba shi. Zafin waya yana ƙaruwa ne da ninkin-ba-ninkin wutar da ke bi, saboda haka amfiya 65 a wayar da aka yi don 22 zafi ne kusan ninki 9. A motocin Lucas wayoyi masu ruwan ƙasa, waɗanda ke ɗauke da wannan wuta, ba su da fis.

In motar tana da mitar amfiya a dashbod, duk cajin sai ya shiga bayan dashbod ya ratsa mitar ya fito, mitar kuma sau da yawa iyakarta 30. Masu gyara sukan ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa sitata, su sa fis, su maye gurbin mitar da ta volt. Fanbel ma yana da iyaka: amfiya 60 a volt 14 wat 840 ne, kuma da asarar da ke ciki inji yana biyan kusan ƙarfin doki biyu.

Ra'ayoyi uku

Masu son a bar mota yadda ta fito suna cewa dainamo ya yi wa motar aiki shekaru, kuma yawancin abin da ake ɗora masa laifin dattin kwantak ne da tsatsar mahaɗa. Suna ƙara da cewa fitilun LED sun rage nauyi ƙwarai, kuma a gasar nuna motocin tarihi ana rage maki in an ga abin da ba na asali ba, haka ma farashi a wurin wasu masu saye. Ga wanda ke fita da rana a buɗaɗɗiyar hanya, hujjarsu tana da ƙarfi.

Masu son altaneta lissafi suke kawowa. Fitilun gaba biyu na halojin suna shan kusan amfiya 9. A ƙara fitilun baya da na dashbod, kwayil, waifa, fankar ɗumama ɗaki, sannan fankar lagireto ta lantarki da mutane da yawa suke ƙarawa, wadda ita kaɗai tana iya shan 10. Jimillar ta wuce 22, kuma a cunkoso dainamo ba ya bayar da ko rabin hakan. Ga mai tafiyar dare ko cikin gari, wannan lissafi ba ya musantuwa.

Na tsakiya suna da hanya biyu. Ɗaya a bar dainamo a sa regiletar tiransisto a ɓoye cikin tsohon akwati, caji ya daidaita amma amfiya ba ta ƙaru ba. Ɗaya kuma altaneta ce da aka gina cikin ƙoƙon dainamo, mai amfiya wajen 40 zuwa 45, akwai ta negatif akwai ta fozitif, har da mai bakin agogo a baya. Abin da ake faɗa a kanta shi ne ta fi tsada, kuma ƙoƙon dainamo ba ya shan iska kamar na altaneta, don haka zafi ya fi damunta.

Abin da ya shafi mai mota da mai wayarin

Motocin gudun nan ba su da yawa a ƙasar Hausa, amma kayan wutarsu ba baƙi ba ne. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, na farko-farkonta regiletar waje gare su daga waɗancan kamfanonin Faransa. Volkswagen Beetle da tsofaffin Land Rover da dainamo suka yi zamaninsu. Duk wanda ke ɗaura altanetar Beljiyam da aka ciro daga wata mota a kan tsohuwa yana fuskantar tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Zafi ma yana da hannu: batir mai zafi ba ya son caji mai ƙarfi, shi ya sa regileta mai kyau take ɗan sauke ƙarfin in ta yi zafi, kuma batir marar murfin zuba ruwa in ruwansa ya ƙone ba a iya mayar masa.

Akwai wata al'ada da ta rage daga zamanin dainamo, ta cire kan batir inji yana aiki don a ga ko zai mutu. A mota mai altaneta batir shi ke shanye tsallen wuta. In aka cire shi ana cikin caji, ƙarfin yana iya tashi zuwa gomman volt na ɗan ƙiftawa, ya kashe dayod ko regileta ko rediyo. Mitar hannu ta fi wannan faɗin gaskiya: kusan 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji yana juyi 2,000 a minti, kada ya sauka ƙasa da 13.5 in an kunna fitilu. A kuma auna tsakanin babban bakin altaneta da kan fozitif na batir. In bambancin ya kai rabin volt, laifin na waya ne ko mahaɗa. Regiletar waje kuma in da jikinta take komawa negatif, fenti ko tsatsa a ƙarƙashin kusoshinta sun isa su ɓata mata awo.

Kafin saye, lambar da ke jikin altanetar ita ce abin dubawa, tare da yawan bakunanta da haruffansu. In bakin naɗin ɗaya ne, a zare wayarsa a auna tsakaninsa da jikin altaneta: in mita ta nuna om 3 zuwa 6, ɗaya bakin a haɗe yake da jiki daga ciki, tsarin B ke nan. Sanin wannan wajibi ne kafin gwajin da ake tsallake regileta don a ga ƙarfin altaneta, domin a tsarin B fozitif ake ba bakin F, a tsarin A kuwa da jikin mota ake haɗa shi. Gwajin na 'yan daƙiƙu ne, inji a ƙasa-ƙasa, regileta a zare, rediyo da fitilu a kashe.